Tantin Baba Tela

Shekara talatin da takwas Baba Tela ya yi yana taka keken ɗinki a shago ɗaya, a bakin titin da ke fita daga gari. Ya ɗinka wa matafiya jakunkuna, ya sa wa direbobi zif a wando, ya sha labarin garuruwa daga bakin masu jiran kayansu, amma shi kansa sau biyu kacal ya taɓa ƙetare gadar bayan gari. Teku kuwa a kalandar shagonsa ya san shi. Kalandar ta ƙare tun shekara tara da suka wuce, amma mutumin nan ya hana kowa cire ta.

Maƙwabcin shagonsa, Dogo mai gyaran keke, shi ya kunno wutar. Ya shimfiɗa taswira a kan teburin yanka, ya ɗora yatsansa mai baƙin mai a kan shuɗin wurin da teku yake.

"Kwana goma sha ɗaya ne a kan keke," in ji Dogo. "Inda rana ta faɗi mu kafa tanti. Ƙafar da ta shekara talatin tana taka wannan injin, tudu zai gagare ta?"

Tun daga ranar Baba Tela ya kasa zaune ya kasa tsaye. Kullum da sassafe sai su zaga gari a kan keke sau biyu, ya dawo yana haki bakinsa har kunne. Wanda ya kawo ɗinki sai ya ji labarin tafiyar tukuna kafin a auna shi. Dogo ya ɗauki nauyin kekuna, ya sake tayoyi da birki, ya tanadi faci da sholisho da famfo. Aka samo ƙaramin risho da tocila da gorunan ruwa. Da aka zo maganar sayen tanti sai Baba Tela ya murtuke fuska.

"A saya? Ina tela a garin nan?"

Matarsa, Maman yara, ba ta yi murna ba, kuma ba ta ɓoye ba. Daminar bara ruwa ya yi masa dukan tsiya a hanya, ƙirjinsa ya kama, ya kwana tara a asibiti tana zaune a gefen gadon. Don haka sharaɗi ɗaya ta kafa, kuma kowa a gidan ya san idan ta kafe ba mai tanƙwara ta.

"Baban yara, zan zuba wa tantin nan ruwa da hannuna. In ɗigo ɗaya ya shiga, ba inda za ka."

Ya yi dariya, don a kan ɗinki ba ya shakkar kowa. Sunan da ya yi a garin a kan abu ɗaya ya yi shi: ɗinkinsa ƙanana ne a matse, kuma ko'ina sai ya bi sau biyu. Ya samo yadi mai kauri wanda ruwa ba ya ratsawa, ya rufe shago kwana huɗu. Tunda na tafiya ne, kowace mahaɗa sai da ya bi ta sau uku. Bai tsaya nan ba, ya ɗinka aljihun tabarau a jikin bango ta ciki, da na tocila, da na magani, har da madaukin rataye hula. Gaskiya tantin ya yi kyau, har maƙwabta suna leƙowa kallo.

Ana jibi tafiya, da hantsi, aka kafa shi a tsakar gida. Baba Tela ya shige ya miƙe ƙafa kamar mai gidan sama. Maman yara ta kinkimo bokiti ta sheƙa.

Ruwan ya gangare daga jikin yadin sumul. Sai kuma ya ji sanyi a goshi. Ya ɗaga kai, ya ga ɗigo sun jeru reras a kan kowace mahaɗa, layi uku-uku, daidai inda allurarsa ta bi. Aljihun tabarau har ya tara ruwa. Ya fito rigarsa a jiƙe, jikinsa ya yi sanyi ƙalau.

Dogo ya duba, ya riƙe ciki yana dariya. "Haba maigida! Ni huda ɗaya nake wuni ina nema a taya in toshe. Kai ka zauna kwana huɗu ka yi dubu goma da hannunka!"

Abin da Baba Tela yake taƙama da shi duk rayuwarsa, shi ne ya kayar da shi, ga sharaɗi kuma ya riga ya amsa a gaban kowa. Ya zauna a bakin rijiya yana kallon kekensa da aka gama ɗaure wa kaya. Ganin haka Dogo ya daina dariya, ya ce a hankali, da za a goge mahaɗar da kyandir a shanya a rana, ƙila ya narke ya toshe.

Maman yara ta daɗe tana kallon mijinta. Ta shiga ɗaki, ta fito da ƙunshin kyandir ɗin da take ajiyewa saboda ɗaukewar wuta, ta zube shi a kan tabarma.

"To me kuke jira? Rana tana tafiya."

Su uku suka durƙusa, kowa da layinsa, suna gogawa har yatsu suka yi ja. Baba Tela ya dawo da surutunsa, yana ba su labarin yadda zai tuɓe takalmi ya shiga ruwan har gwiwa.

Washegari aka sake kafawa. Baba Tela yana shirin shiga Maman yara ta tare ƙofar.

"Ni zan shiga. Kai in maganar ɗinkinka ce, ko kogi ya bi ta kanka cewa za ka yi zufa ce."

Ta shige ta ja zif. Bokiti huɗu shi da Dogo suka juye. Can sai zif ya zuge, ta fito tana gyara ɗaurin ɗankwali.

"Ko ɗigo," ta ce.

Dogo ya daka tsalle ya yi waje yana shaida wa unguwa. Baba Tela kuwa idonsa na mai awo ne, ba ya kuskure. A kafaɗarta ta hagu ya hango wuri ɗaya a jiƙe, bai fi faɗin maɓalli ba. Ta ga ya gani, ta ja mayafi ta rufe. Ya buɗe baki zai yi magana, hawaye suka riga shi.

Ta kamo hannunsa, ta danƙa masa guntun kyandir ɗin da ya rage.

"Sa wannan a jaka," ta ce. "Kuma ban da kwanciya ta gefen aljihun tabarau. Tafi ka ga tekunka."