Katakon Ƙusoshin Kawu Abdulmutallib

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 16 ga Oktoba, 2025, bayan La'asar, Allah ya karɓi ran ƙanin mahaifiyata, Kawu Abdulmutallib, mai gyaran injin ban-ruwa a Jiratawa. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Har yanzu ban gane yadda kwana huɗu suka isa ba.

Kawu, ka san ba na iya magana cikin mutane, shi ya sa na rubuta.

Bara da na gama CM2, ajin ƙarshe na firamare, aka kawo ni gidanku daga Sabon Gari in taya matarka, Inna Atika, aiki. A nan na fara ganin motocinka, 'yan ƙanana kamar tafin hannu, suna zagaya babban faifan katako mai tsaga a tsakiya da wayar tagulla gefe da gefe mai ba su wutar lantarki. Na yi mako guda ina leƙe ta bayan labule. Ba ka ce in shigo ba. Kujera kawai ka ajiye kusa da taka, kullum, har ranar da na zauna.

Ba ka damu da jikin mota ba. Shasi ne abinka, ƙashin ƙasa mai riƙe tayu da inji. Da guntayen tagullar da ta rage a wurin gyara kake yin sa, da injin tsohuwar rediyo. Ba ka taɓa rubuta awo ba. Kana da ɗan katako da ka kafa wa ƙusoshi takwas, ka jera tagulla tsakaninsu ka liƙe da darma. Ranar da na liƙe shasi da katakon gaba ɗaya ba ka yi faɗa ba. Cewa ka yi, "Tahira, wannan mota ba ta hatsari, don ba inda za ta."

Gab da zazzaɓin ya kama ka mun fara shasina na kaina na farko, mun liƙe gaba, saura baya. Ka ce sai Juma'a.

Ranar sadakar uku mata suka cika gida ana girki. Wata dattijuwa daga Tsibiri ta shiga ɗakinka neman abin hura wuta, ta fito da katakon nan. Ba laifinta ba ne, duk ya yi baƙi da ƙuna, kowa zai ce itace ne. Ina tsaye ina kallo ta nufi murhu. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Sai da ta juya baya na fizgo shi daga wuta. Ƙusoshi huɗu na baya sun tafi da rabin katakon.

Kwana goma ban gaya wa kowa ba. Na gwada aunawa da tsofaffin motocinka, sai na tarar ba biyu da suka zo daidai, don bayan liƙi kana ƙara lanƙwasa kowace yadda ka ga dama. Wace ce ta gaskiya, Kawu? Ko duk gaskiya ne?

Inna Atika tana takaba, ita ta ga bororon ƙuna a hannuna. Na yi tsammanin faɗa, don kullum tana cewa babban mutum da furfura yana wasan yara. Da na nuna mata guntun katakon sai ta karɓa ta duba.

"Mi kike nema a jikinshi, ɗiyata?"

Na ce nisan tayun gaba da na baya.

"Ai da tsinken kitsona ya auna. Wata biyu ina nemanshi, ashe yana ɗakinshi."

Ta buɗe gwangwaninta, sai ga tsinke biyu, ɗaya ya fi ɗaya tsawo kaɗan. Ta juya su, ta sake juyawa, ta ce wallahi ba ta tuna wanne ba ne. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ni kuma ban san wanda zan taya ta ba.

Na ɗauki gajeren. Na kafa ƙusoshi a sabon katako na liƙe baya. Jiya na ɗora motar a kan faifai, Inna Atika na zaune bakin ƙofa. Ta zagaya sau ɗaya lafiya lau, a zagaye na biyu ta fita daga tsaga ta faɗa ƙarƙashin gado. Ban sani ba ko tsinken ne ba shi ba, ko hannuna ne ya ba motar wuta da yawa. Kai kaɗai za ka faɗa da kallo ɗaya. Inna Atika dai ta miƙo mini dogon ta ce, "Gobe ki gwada wannan. Ba wanda zai taɓa ɗakin nan."

Ka yafe mini shirun da na yi a bakin murhu.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Atika, da mahaifiyata, da manoman Jiratawa da ka yi wa aiki shekaru masu yawa. Allah ya ba mu haƙuri. Amin.

Tahira, Jiratawa