Albashin Farin da Aliya Ba Ta Karɓa Ba

Aliya ɗiyar Malam Mamman baduku ce, mai ɗinkin jaka da takalmi a unguwar Birni cikin Damagaram. Ita ce ta farko a gidansu da ta gama jami'a, ta fito da lisansi, wato digirin farko, a ilimin noma. Ba mai yawan magana ba ce. Tun tana ƙarama, in baƙi suka cika tsakar gida sai ta raɓe kusa da randa tana sauraro, har mahaifiyarta Indo ta riƙa cewa wannan yarinya ko ƙafarta ka taka ita za ta ba ka haƙuri.

Shekara guda cur ta yi tana yawon ajiye dosiye, wato takardun neman aiki. Duk biro, wato ofis, da aka liƙa sanarwar ɗaukar ma'aikata sai ta je, ta miƙa takardunta ga mai gadi, ta dawo gida a ƙasa. Kowace sanarwa kuwa sharaɗinta ɗaya ne: sai wanda ya taɓa yin aiki shekara biyu. A ina mutum zai taɓa yin aikin, alhali kowa na jiran wani ya fara ɗaukarsa? Wannan tambaya ba ta samu mai amsa mata ba, don ba ta taɓa wuce ƙofar mai gadi ba.

Ana nan, wata rana wani ɗan boko da ake kira Mushe Tahiru ya zo karɓar takalminsa a shagon Malam Mamman. Shi ne shugaban wani purje, wato shirin tallafi, da ke raba irin gero da gyaɗa ga manoman Tirmini da Dogo. Malam Mamman ya yi ta kame-kame kafin ya iya faɗin cewa yana da ɗiya mai takardar noma tana zaune. Mushe Tahiru ya ce ta zo ta yi sitaj, wato zaman koyon aiki, na wata uku. Ba biya, amma za ta koyi aiki, za a ba ta atestasiyo, wato takardar shaida, a ƙarshe, kuma in gurbi ya samu ai na ciki ake fara dubawa. Malam Mamman ya ƙi karɓar kuɗin takalmin.

Aliya ta yi kwana biyu tana auna abin. Ta san ba sisi, ta san kuɗin kabu-kabu ma daga aljihun babanta zai fito. Amma wata uku ba shekara ba ce, kuma zaman gida ya ishe ta. Ta ce za ta je.

Inda abin ya karkace shi ne bakin Indo. Da maƙwabta suka ga yarinya na fita kullum da safe da jaka a kafaɗa, suka tambaya, sai Indo ta ce ai Aliya ta samu aiki a purje. Ba ta yi niyyar ƙarya mai tsawo ba. Ta dai gaji da jin ana cewa bokon mace ɓata shekaru ne. Sai dai a danginsu, kamar gidaje da yawa, duk wanda ya fara aiki ba ya cin albashinsa na fari shi kaɗai. Ana raba wa iyaye da gwaggwanni da kawunnai su sa albarka. Wata ya ƙare, dangi suka zuba ido. Ran Alhamis Indo ta ja tunkiyarta zuwa kasuwar Dole ba tare da ta gaya wa kowa ba, ta dawo da sukari da sabulu da goro, ta ƙulla ƙulli-ƙulli, ta aika gida-gida da sunan ɗiyarta.

Aliya ba ta sani ba sai a wajen wani suna, inda Gwaggo Hafsatu, yayar babanta, ta kamo hannunta a gaban mata ta shiga zuba mata addu'a. Allah ya ƙara girma, Allah ya sa na gaba ya fi na baya. Mata na amin, Aliya na kallon tabarma. Da suka koma gida ta tambayi uwar, Indo ta ce mene ne a ciki, ai nan da wata biyu za a ɗauke ta, ƙaryar ta zama gaskiya.

Wata uku suka cika, Mushe Tahiru ya ce a ƙara uku, kuɗin masu ba da tallafi bai sauko ba. Shida suka zama tara. A tsawon wannan lokaci ba aikin da Aliya ba ta yi ba. Ita ke auna iri a magaza, ɗakin ajiyar kaya, ƙura na shiga mata ido. Ita ke zama da matan Dogo a gindin bishiya tana tambayarsu wane iri ya yi, wane ne tsutsa ta cinye, domin ma'aikatan da ake biya maza ne, matan ba sa sakin jiki da su. Ita ke dawowa ta rubuta rapor, wato rahoton aikin, wani ya sa sunansa a kai. In an fita ƙauye kowa na karɓar kuɗin tafiya, har direba. Ita kuwa sai a miƙo mata burodi da sardin a bayan mota, direban yana tsokanarta wai Madam Sadaka ta ci ta ƙoshi, kada a ce purje ba ya kula da mutanensa. Takan yi murmushi. Da za a buɗe cikinta a lokacin, da an ga wuta.

Sau da yawa ta yi niyyar ajiyewa. Amma in ta ajiye me za ta ce? Dangi sun ci sukari, sun sa albarka. Duk bikin da ya taso sai an ce a gaya wa ma'aikaciya, Indo ta lallaɓa ta yi gudummawar da sunanta. Kowace gudummawa kuwa ƙara ɗaure ta take yi a wannan biro. Ga Mushe Tahiru kullum da murmushi, yana ce mata ƙanwata, saura ƙiris.

A wata na goma sha huɗu gurbi ya samu, kuma aikin da take yi ne daidai: mai bin matan ƙauye kan harkar iri. Ita aka ba sanarwar ta buga a ordinata, wato kwamfuta. Tana bugawa ta iso layin sharaɗi: shekara biyu ta aiki da kontira, wato takardar ɗaukar aiki, ba a lissafa sitaj. Ta karanta sau uku. Ta gama bugawa ba kuskure ko ɗaya, ta fitar, ta kai masa da hannunta, sannan ta tsaya ba ta fita ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

Mushe Tahiru ya ce sharaɗin ba nasa ba ne, daga sama ya zo, shi ma ransa bai so ba. Ya ce ta ƙara wata shida, ta nuna wa wanda za a ɗauka yadda ake aikin, domin ba wanda ya san matan Dogo kamarta. Aliya ta ce to a ba ta atestasiyonta ta gwada wani wuri. Ya jawo aljihun tebur ya ciro takarda, ashe a shirye take. Ta duba, wata uku aka rubuta.

"Mushe, wata goma sha huɗu na yi."

"Na sani, ƙanwata. Amma a ƙa'idar biron nan sitaj ba ya wuce wata uku. In na rubuta goma sha huɗu, masu ba mu kuɗi za su tambaye ni dalilin da ya sa ba a biya ki ba."

"To ni ma dalilin nake son ji."

Ya yi dariya kamar ta yi raha, ya ce ashe tana magana. Daga nan ya ƙara da cewa kada ta damu da yawan aiki, an samo mata mataimakiya. Ɗiyar gwaggonta ce ma, Hasana, ta kawo dosiye jiya tana neman sitaj, ta ce tana so ta bi sahun yayarta.

Aliya ta fito ta tako a ƙasa tun daga biron har Birni, rana na dukanta, takardar na hannunta. Ba takardar ce ta fi ci mata rai ba yanzu. Ta san an ba Hasana aikin koyarwa na kontira a wata lakwal, wato makaranta, ta ƙauye wajen Zermu. Albashin ba yawa, wurin ba wuta, amma albashi ne. Kuma ta ji Gwaggo Hafsatu na cewa ba za ta tura ɗiyarta daji ba, tunda ga Aliya ta shiga purje wata ɗaya kacal aka fara biyanta. Litinin mai zuwa ce ranar ƙarshe da Hasana za ta je ta sa hannu, in ba ta je ba a ba wani.

Aliya ta tarar da Indo na tankaɗe a tsakar gida. Ta gaya mata komai, ta ce ta bar biron, kuma za ta je ta faɗa wa Gwaggo gaskiya. Indo ta ajiye rariya. Ta ce barin biro ba laifi, sai a ce kontira ta ƙare, kowa ya san purje ba ya ɗorewa. Amma a je a ce ba a taɓa biya ba, to sukarin nan fa, daga ina ya fito? Ta ce shekara talatin tana zaune da Hafsatu, matar nan ba ta taɓa ganin ta da daraja ba sai bana. Ta ce a kira Hasana gefe a ba ta shawara kawai, ba sai an tona asiri ba.

"Inna, Hasana ba za ta ji shawara ba. Za ta ce ina yi mata baƙin ciki ne, ni na samu ba na so ta samu."

"To ni ce za ki tsayar a gaban dangin ubanki a matsayin maƙaryaciya?"

Aliya ta miƙe. Ta ɗauki mayafinta ta fita.

Gidan Gwaggo Hafsatu ba nisa, lungu biyu ne. Ta same ta tana ɓarar gyaɗa, Hasana na gefe tana guga, kayan zuwa biro ne ma take gogewa. Aliya ta gaishe su, ta zauna, ta shimfiɗa takardar a kan tabarma. Muryarta ƙasa-ƙasa ta faɗi abin daga farko: ba a taɓa ba ta ko dala ba, wata goma sha huɗu ta yi, ga abin da aka rubuta mata, kuma gurbin da ya samu ba ita za a ba ba. Ta ce da ita ce aka ba lakwal ɗin Zermu, da gobe da asuba tana tasha.

Gwaggo ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. Ta tambaya, to sabulun da aka kawo mata fa? Aliya ta ce Inna ce ta saya. Ta so ta ƙara da cewa Inna ba ta yi don cuta ba, amma Gwaggo ta riga ta juyar da kai tana wani gajeren murmushi, irin wanda Aliya ta san kafin magariba zai zaga dangi. Hasana ta ɗauki takardar ta karanta, ta sake karantawa, ta tambaya ko da gaske ne ko kuɗin kabu-kabu ba sa bayarwa. Aliya ta ce ko na ruwan sha.

Ran Litinin Hasana ta je ta sa hannu kan aikin lakwal ɗin Zermu. Maganar kuwa ta zaga kamar yadda Aliya ta zata. A bikin da ya biyo baya wata ta tambayi Indo ko akwai sauran sukarin purje, mata suka kwashe da dariya, Indo ta dawo gida tun ba a raba abinci ba. Malam Mamman kuwa, da Mushe Tahiru ya aiko da wata jaka a gyara masa, ya mayar da ita yadda ta zo.

Har yanzu Aliya na ajiye dosiye, kuma sau biyu an sake yi mata tayin sitaj. Duk wanda ya yi mata, takan tambaye shi wata nawa ne, wa zai biya kuɗin hanya, kuma me za a rubuta a takarda, ta ce a rubuta mata tun yanzu a sa hannu. Ba wanda ya sake kiranta a cikinsu. Indo ta yi sati uku ba ta yi mata magana sai abin da ya zama dole, kuma har yau in za ta biki ba ta cewa Aliya ta raka ta.