Dokar "Rico" a Shagon Alhaji Isufu

Har gobe ina tuna wata Asabar ta watan Yuli, lokacin ina sabon ma'aikaci a shagon kayan abinci na Alhaji Isufu, a titin Gate City Boulevard, can ƙasar waje. Aikina shi ne ba masu saye ɗanɗano, kuma ina kan gwaji. Kuskure ɗaya, sai gida.

Alhaji ya lura magina 'yan Meksiko sun fara shigowa, kuma duk abin da ya yi musu daɗi, a baki ko a hanci, kai har sanyin AC, sai su ce "rico". Shi ke nan fa! Ya tara mu ya kafa doka: mai ba da ɗanɗano zai fara kurɓa a gaban mai saye, ya lumshe ido, ya ce "rico". Har atisaye muka yi da ruwan famfo.

A ranar Asabar ɗin, firij ya kwana a mace. Na ce, "Alhaji, kunun ayan nan ya juya fa."

Ya ce, "Kai ne injiniyan kunu? Ko ka ce rico, ko ka ajiye mini rigar aikina."

Sai ga wani dattijo, Ramiro, da yaransa na gini a bayansa. Na zuba, na yi bisimilla, na kurɓa. Wayyo Allah! Hawaye suka zubo, tsoron kora ya sa na haɗiye. Na ce "rico" da muryar mai gaisuwar mutuwa.

Ramiro ya dube ni, ya shinshina kofinsa, bai sha ba. Ya miƙa wa Alhaji cikin ladabi, ya ce da Turanci, "Maigida, kai fara."

Alhaji ya karɓa, ya shanye tas. Ya buɗe baki zai faɗi kalmar, ta ƙi fitowa, sai ya nufi bayi da sassarfa.

Da ya dawo ya ce laifina ne, wai ban lumshe ido da kyau ba. Na ce, "Haka ne, Alhaji." Bai kore ni ba, don duk shagon babu wanda ya yarda ya karɓi aikin.

To ku sababbin ma'aikata, ku riƙe wannan: maigida na iya ɗaukar bakinka haya, amma cikinka ne zai biya. Ranar da kuwa ya sha abin da ya dama, ka dubi ƙasa, kada ka kuskura ka yi dariya.