'Yan Hotunan Ɗayyabu

Ɗayyabu ɗan Ringim ne, a kogin garinsu ya koyi iyo, kuma bai taɓa ganin teku ba sai da ya cika shekara talatin da ɗaya. Yana koyar da ilmin halittun ruwa a wata kwaleji lokacin da shugaban sashensu, Malam Abdulwahidu, ya sa masa hannu a takardar tallafin karatu, ya taho Kuala Lumpur neman digirin dakta. Bayan shekara guda shi ma Malam ɗin ya biyo baya neman nasa. Suka zama maƙwabta a dogon bene guda a unguwar Taman Melati, Malam a hawa na tara, Ɗayyabu da matarsa Rumaisa a na huɗu. Ko a lif suka haɗu sai Ɗayyabu ya rusuna.

Aikinsa a ƙarƙashin ruwa yake. Duk bayan wata biyu sai ya hau bas zuwa gaɓar gabas, ya shiga jirgin ruwa zuwa tsibiri, ya goya tukunyar iska ya nutse. Akwai wurare arba'in da ya kafa wa alama a kan murjani, ba na wuyan mata ba, mai rai da ke tsiro a ƙasan teku. Wuraren nan dai zai sake ɗauka a hoto kowane zuwa, don a ga wanda ya girma da wanda ya yi fari ya mutu. Hoton bara ba ya ɗaukuwa a bana, wannan shi ne dukan sirrin aikin.

Ga shi da tsantseni har ya yi yawa. Da ya fito daga ruwa, kafin ya ci abinci, sai ya wanke hannu da ruwan daɗi, ya goge, ya zare memori daga kyamara ya juye hotunan a kwamfutarsa. Daga nan ya sake juyewa a faifan ajiya, wani ɗan baƙin abu da bai fi tafin hannu ba, wanda yake naɗewa a leda biyu ya cusa cikin safa. Sai ya ga hotunan a wuri biyu yake goge memori don nutson gobe. Rumaisa kan zolaye shi cewa ko gwal ɗinta bai samu irin wannan gata ba.

Shekara uku yana haka, sai annoba ta zo aka kulle gari. A wata na biyu na kulle kwamfutarsa ta yi ƙauri ta mutu. Wani mai gyara a Setapak da ke karɓar aiki ta ƙofar baya ya buɗe ta ya ce cikin ya ƙone, ba abin da za a tsinta. Hotuna dubu goma sha ɗaya suka koma rataye a kan abu guda cikin safa. Ɗayyabu ya yi odar faifai na biyu, aka ce sai kwana goma.

A rana ta huɗu Malam Abdulwahidu ya sauko da kansa, takunkumi a haɓa. Ya ce kwamfutarsa ta cika tana nishi, yara sun loda mata abin kallo, ga bidiyon hirarrakin bincikensa, yana son wurin da zai sauke kaya na kwana biyu. Ya ji an ce Ɗayyabu na da babban faifai. Sai ya tambaya ko akwai wani abin kirki a ciki.

A nan Ɗayyabu ya kashe kansa da bakinsa. An rene shi a kan cewa yaro ba ya kambama abinsa a gaban babba, kuma ba a sa wa mai aro sharaɗi kamar ana zarginsa. Sai ya sunkuyar da kai.

"Ba wani abu ba ne, Malam. 'Yan hotuna ne."

Ya zare faifan daga safa ya miƙa da hannu biyu. Rumaisa tana kicin tana ji, ta daina motsa miya, amma ita ma ba ta fito ba, don ba a haka.

Kwana biyu suka zama tara. Da faifan ya dawo, Ɗayyabu ya jona shi a ƙaramar kwamfutar Rumaisa. Sunan da ya raɗa masa ya canza. Ya buɗe, ya ga tafsirin azumi na shekara shida, da finafinan yara, da bikin wata ƙanwar Malam, da hirarraki. Ya duba sama ya duba ƙasa, babu murjani ko ɗaya. Ashe kwamfutar Malam wata iri ce daban, da aka jona ta ƙi karɓa, ta tambaya ko a share faifan a daidaita shi, Malam ya danna e. Ya kuma yi ta lodi yana gogewa yana sakewa har kaya suka danne komai. Mai gyaran Setapak ya yi kwana uku a kai, ya ceto hotuna sittin da biyu, rabinsu a yage.

Ɗayyabu ya hau hawa na tara a ƙafa, ya manta da lif. Abin da ya yi bai taka kara ya karya ba: bai rusuna ba, kuma muryarsa ta ɗaga har maƙwabta suka ji, ya ce shekararsa uku ce aka share. Malam ya dube shi cikin natsuwa.

"Ni na tambaye ka. Da bakinka ka ce ba wani abu ba ne. In dutse ne ai yana nan cikin ruwa, ka koma ka ɗauka."

Komawa ina? An hana ƙetara jiha, an rufe tsibirai, da aka sassauta kuma damina ta rufe tekun gabas wata huɗu. Ko da ya koma, murjanin shekara uku da suka wuce ba zai tsaya jiransa ba. Malamar da ke duba aikinsa ta tausaya masa sosai, ta ce sai dai a faro daga farko. Masu tallafi suka ce wa'adi wa'adi ne.

Abin da ya fi ban haushi shi ne sulhun. Hambali, shugaban ɗaliban Arewa na unguwar, ya kira zama ta bidiyo a waya, mutum goma sha biyu kowa a ɗan akwatinsa a fuskar wayar. An yi minti biyar a kan hotuna, an yi awa guda a kan ɗaga murya. Aka tuna wa Ɗayyabu wanda ya sa masa hannu ya zo, aka tuna masa teburin wanda zai koma in ya je gida. Aka ce ƙaddara ce, bakin alƙalami ya bushe. A ƙarshe Ɗayyabu ne ya ba da haƙuri, Malam ya ce ya yafe duniya da lahira, kowa ya yaba da girmansa. Rumaisa ta yi kuka ranar har idonta ya kumbura, shi kuwa ko hawaye bai samu ba. Daga nan ya daina maganar teku, ya sayar da takalman nutso da gilashin, ya bar kyamarar kawai.

Malam ya kare nasa digirin ta waya ya ci. Da aka buɗe gari sai ya shirya walima a wani gidan abinci a Jalan Masjid India, saura mako biyu Ɗayyabu ya koma Ringim hannu rabbana. Rumaisa ta ce kada ya je. Ya ce in bai je ba za a ce bai huce ba, kuma a gida za a ji.

Ana cikin cin shinkafa Malam ya hango shi, ya yafito shi a gaban kowa, fuskarsa cike da fara'a.

"Ɗayyabu, kai ne mai kyamara, zo ka ɗauke mu. Ka zuba a faifan nan naka, ai da sauran wuri. Amma ka ajiye wuri biyu fa, na san ka da sakaci."

Aka yi dariya, har da Hambali. Ɗayyabu ya ajiye cokalinsa, ya goge hannu sosai kamar yadda ya saba kafin ya taɓa kyamara, ya ce su ɗan matso su haɗa kafaɗa.