Gonar da Gara Ta Ƙi

Shekarun baya can, a cikin shekarun saba'in, bayan farin nan da ya ƙarar mana da dabbobi, muka taso daga garinmu muka koma wani ƙauye tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar. Mu uku ne, ni da mahaifiyata da matata, don mahaifina ya riga ya rasu. Mai gari ya ba mu aron ɗakuna biyu a gidan wani ɗan'uwansa, ya kuma yanka mini wata saura a bayan gari wadda aka daɗe ba a noma ba.

Babu abin da ya addabe ni a gidan aron nan kamar gara. Ta ci zana, ta ci azara, ta ci tabarma. Akwai takalmin fata da na sayo a kasuwar Maigatari, ina lallaɓa shi sai ranar Juma'a, wata rana na ɗaga shi na tarar saman ne kawai ya rage. Tun daga nan na ƙulla gaba da duk wani abu mai ƙafa fiye da huɗu.

To sai ga gonar da aka ba ni, abin mamaki. Damina biyu na noma ta, gara ba ta taɓa kayar mini da karan gero ko ɗaya ba. Wake ya yi, babu tsutsa. Maƙwabta suna kukan ƙwari, ni ina yawo hannu a baya kamar wanda ya gaji gonar daga waliyyi. Har cewa nake a majalisa, wai gonata ko ƙuda sai ya yi sallama. Kuma a gefenta akwai wani kwari da ruwa yake kwanciya da damina. Na kai wani tsoho mai haƙar rijiya ya duba, ya ce ruwa yana kusa a wurin, ba kamar rijiyar gari ba da sai an ja igiya har hannu ya yi kanta.

A lokacin matata tana da tsohon ciki, na fari. Mahaifiyarta ta rasu, saboda haka ba gida za ta je wanka ba, a wurinmu za ta yi. Duk wanda ya san wankan jego ya san irin ruwan da yake ci safe da yamma, ban da na sha da na kunu. Rijiyar gari kuwa da nisa, ga layin shanu. Sai na yanke shawara: in haƙa rijiya a kwarin nan, in yi ɗakuna a gefenta inda gara ba ta zuwa, mu tare kafin haihuwa. Na yi wa matata alkawari, na sanar da danginta, na cika baki yadda ya kamata. Ana gama yankan gero tsohon nan ya fara haƙa.

Rijiya ta wuce tsayin mutum ke nan, wata hantsi ina saran kara don yin danga, adda ta kuɓuce ta same ni a ƙwauri. Jini ya ɓalle. Allah ya sa mahaifiyata ta kawo mana fura, tana zaune a gindin wani kalgo. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, sai na ji ta ce, "Kai, danne wurin, kar ka motsa. Bari in samo yanar gizo."

Yaran yanzu ba za su san wannan ba. A da, in mutum ya yanke a daji, yanar gizo-gizo ake nemowa a dunƙule a danna a kan ciwon, jini ya tsaya. Ban ce ku yi ba, yanzu akwai asibiti. Amma a lokacin shi ne abin da ke kusa, kuma da kaka ba a nemansa, ko'ina yana nan a cikin harawa da tsakanin kara.

Inna ta shiga cikin wake tana ɗaga ganye. Ta zagaya buntun gero, ta leƙa sabara, ta koma gindin kalgon da ta taso. Ni kuwa ina zaune jini yana bin yatsuna, ina ta ƙwala mata kira kamar wanda aka yanke wa ƙafar gaba ɗaya. Can na hango ta ta tsallaka gambar iyaka ta faɗa gonar maƙwabci. Ko juyawa ban yi ba sai ga ta da yanar gizo cike da hannu. Ta danna mini, ta yagi bakin zanenta ta ɗaure. Sannan ta zauna tana ta kallon ƙasa.

Ta ce, "Kai, yaushe rabonka da ganin gizo-gizo a gonar nan?"

Na ce, "Inna, ai abin da nake gaya miki ke nan kullum. Gonar nan albarka gare ta."

"Dubi geron da ya zube can, ba tururuwar da ta ja ko ƙwara. Dubi kashin jakinka tun na damina, ya bushe yadda ya faɗo, buzuzu bai taɓa shi ba." Ta ɗaga kai ta dubi rijiyar. "Ni dai ba zan kawo jikana inda ƙwaro ya ƙi zama ba. A tsayar da haƙar nan."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauka maganar iskoki za ta kawo mini, na fara jero mata addu'o'in da zan sa a yi. Ta katse ni. "Ni ban ce aljanu ba. Ban san ko mene ne ba, kai ma ba ka sani ba. A tsaya har a sani." Tsohon mai haƙa ya fito daga rami, ya tattara kayansa ya tafi.

Ina da aboki tun na yarinta, wanda ya yi makaranta ya zama malamin gona a Gumel. Washegari na hau keke da ɗaurarriyar ƙafa na nufe shi. Gaskiya ba shawara na je nema ba, mai goya mini baya na je ɗaukowa, ya zo ya gaya wa Inna da bakin boko cewa rashin ƙwaro ba laifi ba ne. Ya gan ni ina ɗingishi ya yi ta dariya, wai angon rijiya ya fara biyan sadaki da jini. Amma da na kai kan maganar yanar gizo da buzuzu, sai dariyar ta ɗauke.

Ya ce, "Mutumina, ka taɓa yin feshi a gonar?"

Na ce ko kusa, ina na ga abin yin feshi.

"To bari in zo in gani da idona."

Ya zo a kan babur ɗinsa da buhu cike da gwangwanayen madara waɗanda babu komai a ciki. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya sa ta sake ba shi labarin daga farko. Daga nan muka tafi gona. Ya riƙa tona ɗan rami yana binne gwangwani, bakinsa daidai da ƙasa, yana zuba ɗan ruwan sabulu a ciki. Ya jera su tun daga tsakiyar gonar maƙwabci, ya ƙetaro iyaka, har bakin kwarin. Ya ce duk abin da yake yawo a ƙasa zai faɗa, gobe ma gani.

Da safe muka koma har da Inna. Gwangwanayen gonar maƙwabci sai ka ce kasuwa: gizo-gizo manya da ƙanana, tururuwa, gyare, buzuzu, har da wata 'yar kunama. Na bakin iyakata, ɗai-ɗai. Muna matsawa wajen kwari suna raguwa, har muka kai waɗanda babu komai a cikinsu sai ruwan da aka zuba jiya. Ni da nake alfahari da wannan tsabtar, ranar ita ce ta tayar mini da tsigar jiki.

Abokina ya yi mana bayani a tsaye. Ya ce gizo-gizo ƙwari yake ci, don haka duk dafin da ƙwari suka kwasa a ƙasa a jikinsa yake taruwa. Shi ne yake fara ɓacewa, kuma ba ya dawowa sai wuri ya warke. Idan an ga gona babu shi, babu tururuwa, babu masu binne kashin dabbobi, alhali gonar kusa cike take da su, to akwai abin da ke cikin ƙasar. Inna ta ce, "Ka ji. Ni na ga babu, shi ya san dalili." Ya ce dalilin ma bai gama sani ba tukuna, sai an tambayi waɗanda suka san wurin.

Mutanen gari suka ce su dai sun san saura ce, tsohon mai garin da ya san tarihinta kuma ya rasu. Wani dattijo Bafulatani ne ya warware mana, cikin waɗanda suke saukowa da kaka shanunsu su ci kara. Ya ce shekaru da dama da suka wuce, wasu masu feshin fara sun yi zango a nan da motocinsu. A kwarin suke wanke gangunan maganinsu, da za su tashi kuma suka binne waɗanda suka rage. Daminar da ta biyo baya maruƙansa suka sha ruwan wurin, bai kwana da su ba. Tun daga nan suke zagaye shi da garke. Na ce, "Baffa, me ya hana ka gaya mini?" Ya ce, "Bara gero na ga kana yanka, na ce gero ba ruwa ba ne. Ban san rijiya kake haƙa ba."

Ya nuna wuri da sandarsa, muka tona kaɗan. Sai ga bakin gangar ƙarfe ta yi tsatsa ta huje, ƙasar gefenta ta yi baƙi, wani wari yana tashi mai hawa kai. Tsakaninta da rijiyata bai fi jifa da dutse ba. Abokina ya ce a mayar da ƙasa maza, kar wanda ya taɓa. Na tambaye shi geron da muka ci fa? Bai ɓoye mini ba, ya ce bai sani ba, amma waken kwarin da harawarsa kar mutum ya ci, kar dabba ta ci, kuma ruwa shi ne babban haɗari. Shi ya je ya sanar da mai gari, aka kewaye wurin da ƙaya.

Da hannuna na cike rijiyar nan, kuma ba zan ɓoye ba, na yi hawaye. Da na koma gida na gaya wa matata, sai ta ce, "To Malam, ruwan wankan fa?" Na ce ni zan ɗebo. Ta dube ni, ta dubi ɗaurarriyar ƙafata, ta tuntsire da dariya har tana riƙe ciki.

Na ɗebo kuwa. Ta haifi 'ya mace a ɗakin aron nan, ni da jakina muka zama 'yan rijiyar gari safe da yamma, garwa biyu a mangala, ina bin layi da makiyaya. Suka sa mini suna mai jego. Ban taɓa jin haushin sunan ba.

Ranar suna da safe, ana rabon goro, sai ga tsohon mai haƙa. Tun ranar da ya tattara kayansa ban sake ganinsa ba. Ya yi mini barka, ya ja ni gefe, ya buɗe mini tafin hannuwansa. Fatar duk ta saɓule, sabuwa tana fitowa ja-ja. Ya ce, "Ɗana, tun da na kai ƙasa mai danshi a ramin nan kaina yake sarawa, hannuna yake rawa, in na koma gida sai amai. Na yi shiru ne don kar a ce tsufa ya kama ni a daina kirana aiki. Sai da na yi jinya." Ya rufe hannun. "Ni ƙasar kawai na taɓa. Ka je ka gode wa tsohuwarka."

Na shiga cikin gida. Inna tana tsugune a bakin murhu tana sirka ruwan da na ɗebo da asuba, matata tana zaune da jaririya a cinya tana shan kunu. Na durƙusa gaban Inna. Ta ce, "Kai, tashi, mutane na jiranka a waje." Ita ke nan godiyar da ta bari na yi mata.

Abin da na koya shi ne, shirun gona ba lafiya ba ne. Mu manoma mun saba ɗaukar kowane ƙwaro abokin gaba, yanzu kuma da maganin feshi ya cika kasuwa, sai ka ga mutum ya yi wa gona wanka da shi yana murna ba abin da ke motsi. Ni in na shiga gona da sassafe na ga yanar gizo ta sha raɓa a kan wake, hankalina kwanciya yake. In ban gani ba, sai na tambayi mai gonar me ya zuba.

Inna ta daɗe da rasuwa, abokina ma ya bi ta, Allah ya jiƙansu da rahama, ya saka wa dattijon nan da tsohon mai haƙa da alheri. Jaririyar kuwa tana nan, ta yi furfura, jiya ma ta aiko jikanta ya kawo mini tuwo. Na ci, na sha ruwa, na daɗe riƙe da kofin ina yi wa Inna addu'a.