Atishawar Ƙawar Inna Tela

Duk layinmu babu wanda bai san Inna Tela ba. Matar da in ta ɗora ƙafa kan keken ɗinki, wallahi har kwanukan maƙwabta rawa suke.

Bara 'yarta ta zo hutu da jikar Inna, wata 'yar mitsitsiya mai yoyon hanci da Inna ke kira Ƙawata. Yarinya ta fesa mata atishawa a fuska, Inna ta ce turare ne. Suna komawa garinsu mura ta kwantar da Inna. Mura ta wuce, sai ga jajayen ɗigo-ɗigo a ƙwauri, ƙafafu suka kumbura kamar an yi musu famfo.

Likita ya ce, "Inna, jijiyoyin jininki ne suka kumbura. Wataƙila ƙwayar cutar murar ce ta tsokano garkuwar jikinki, wataƙila ba ita ba ce. Ba mu da tabbas."

To kun san bakin Inna. Ta bar "wataƙila" a bencin asibiti, ta kira 'yarta tana ƙyalƙyala dariya: "Gaya wa Ƙawata ta gama da ni, likita ya ce ita ce!"

Ita wasa take, 'yar kuwa ta fashe da kuka. Hutu ya zo ya wuce, ba su zo ba. 'Yar ta ce, "Inna, maganinki na rage garkuwa, ita kuma kullum hanci na zuba. Sai kin warke."

Ƙafa ta samu sauƙi, amma keken ya koma magana ƙasa-ƙasa. Riguna take ɗinka wa Ƙawarta da ka, kowacce ta ɗara ta baya. Duk yarinyar da ta gifta sai ta bi ta da ido: "Yanzu ta kai wannan, ko?"

Rannan ta koma asibiti ta miƙa wa likita wayarta. "Ɗana, wataƙilar nan da na manta a nan na zo ɗauka. Faɗa wa uwar Ƙawata da bakinka."

Ya faɗa mata babu tabbas, har ya ƙara da cewa in yarinya ba ta mura, ta zo.

'Yar ta ce, "To, mu ga hutu mai zuwa."

Tun ranar Inna ta jawo keke bakin ƙofa, fuskarta na kallon titi. Jiya na same ta tana warware kalmasar babbar rigar. Wai kada Ƙawata ta zo ta ce an raina mata tsawo.