Sunan Malam Nababa a Littafin Ɗanliti

Duk wanda ya taɓa cin ƙuli-ƙuli mai yaji a kasuwar Bagwai, da wuya in ba na Ya Kaltumi ya ci ba. Shekararta ashirin da shida tana matsar man gyaɗa a ƙauyensu, a gidan da har gobe ake ce wa gidan Barebari, don kakanta Bunu daga Barno ya zo da kanwa ya zauna. Yanzu babu mai jin Barbarci a gidan in ba gaisuwa ba, amma sunan ya bi su. Mace ce doguwa, ba ta da yawan dariya, tafin hannunta ya yi kanta saboda muciya da zafin tunkuza. Mijinta Malam Nababa ya rasu shekara huɗu ke nan, ya bar ta da 'ya'ya mata uku, duk ta aurar da su da kuɗin mai.

Karatunta na yaƙi da jahilci ne, wata bakwai ta yi ta bari. Tana haɗa baƙi a hankali, da yatsa. Amma maganar bashi kam, kada ma wani ya zo ya ce zai koya mata. Bayan ƙofar madafinta duk zanen gawayi ne, kowane gida da layinsa. Ta ce bashi iri uku ne. Akwai mai rai, wanda kasuwa na ci za a kawo. Akwai mai barci, sai ka je ka tashe shi, ka sha baƙar magana. Akwai mushe. Shi mushe ba ta ƙirga shi cikin jarinta, tsumma take sawa ta goge, ta ce Allah ya isa ko ta ce ta yafe, ya danganta da wane ne.

Abin da ta mallaka a duniya gona ce guda ɗaya, gadon ubanta, a bakin rafi. A nan take noman gyaɗar da take matsa. To wannan gonar ce ƙanenta Abdulkabir ya sa wa ido a bazarar bana.

Ɗanliti ne ya jawo maganar. Shi ne mai babban shagon garin, yana da wani a Bagwai da wani a Bici, ana sayar da komai, daga taki da maganin feshi har sabulu da taliya. Wai zai buɗe na huɗu a Dawakin Tofa, shi ne yake sayar wa mutane hannun jari. Ka ba da miliyan biyu, ka zama kana da kashi ɗaya cikin ashirin na shagunan, duk shekara a raba riba a ba ka naka. Abdulkabir ya dinga zarya gidan Ya Kaltumi kamar an aiko shi.

"Yaya, dubi hannunki. Dubi tarin da kike yi saboda hayaƙi. Ki sayar da gonar nan ki zuba a wurin Ɗanliti, ki zauna kuɗi na zuwa miki har ɗaki. Alhaji Dabo na Bici ya ce zai sayi gonar miliyan biyu, amma ran Juma'a yake son amsa."

Bai gaya mata cewa la'ada zai ci ta fuska biyu ba, ta gona da ta jari. Ta dai sani, ƙanenta ne. Kuma gaskiya maganar ta shige ta, don da asuba yatsunta ba sa miƙewa sai ta tsoma su a ruwan ɗumi. Wa ba ya son hutu? Sai ta ce to, amma sai ta ga abin da za ta saya da idonta. Ko akuya ba ta saya a cikin buhu.

Ran Laraba da hantsi suka je shagon. Ɗanliti na zaune bayan kanta, fanka na kaɗa masa, ya tashi da fara'a ya sa aka ba ta kujera.

"Hajiya Kaltumi da kanta. Yau manyan baƙi gare mu."

"Ban je Makka ba tukuna. Nawa ne dukiyar shagunan naka?"

"Miliyan arba'in, ba ƙari. Cinikin bana ma ya ninka na bara."

"Arba'in ɗin a ina suke? Kayan da ke kan katako na nawa ne?"

Ya ce in an haɗa shaguna ukun, kaya sun kai na miliyan goma.

"Na banki da na aljihun tebur fa?"

"Kamar huɗu."

"Goma sha huɗu ke nan. Ina ashirin da shida?"

Sai ya yi murmushi irin na wanda zai yi wa ƙaramar yarinya bayani. Ya jawo wani ƙaton littafi mai baƙin bango ya buga shi a kan kanta. Ya ce ga su nan, kuɗin da yake bin mutane ne, kuma kuɗin da kake bi ai dukiyarka ce, ko a manyan kamfanonin Kano haka ake lissafi.

"Wato cinikin da ya ninka, littafi ne ya ninka," in ji ta. "Miƙo shi nan."

Abdulkabir ya fara mutsu-mutsu. "Yaya, wannan lissafin 'yan boko ne, ba zanen gawayi ba ne. Ki bar shi."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ɗora littafin a cinya, ta lashi yatsa, ta fara bin sunaye ɗaya bayan ɗaya. Ita ba adadin ne ya dame ta ba, sunayen take nema da ranar da aka rubuta su, don duk garin nan babu tukunyar da ba ta san abin da ke cikinta ba. Wannan surukin Ɗanliti ne, buhu goma sha biyu, damina uku ke nan. Wa zai je ya ce wa suruki biya? Wannan ya tafi Legas tun kafin korona, ko uwarsa ba ta da lambarsa. Wannan gonarsa ruwa ya cinye bara, yanzu ƙwadago yake yi. Wannan mai unguwa ne, shi kuwa ɗauka yake yi kamar haƙƙinsa. Tana karantawa tana cewa a fili, "Mushe. Mai barci. Mushe. Wannan zai biya. Mushe." Ɗanliti ya kashe fanka, ya sake kunna ta.

A shafi na tara yatsanta ya tsaya. Ta sake haɗa baƙin a hankali ko ta yi kuskure. Malam Nababa gidan Barebari, taki buhu biyu. Babu layi a kai. A gefe kuma an rubuta kuɗin da sabon biro, da farashin bana.

To ga abin da ya faru shekara huɗu da suka wuce. Malam Nababa ya karɓi takin nan da farkon damina, a kan zai biya da kaka, kamar yadda kowa ke yi. Kafin gero ya fitar da kai ciwon ciki ya kwantar da shi, kwana shida ya cika. A wurin jana'iza liman ya yi shela, duk mai bin mamaci bashi ya faɗa, Ɗanliti ya faɗa. Ya Kaltumi tana ɗaki tana takaba aka gaya mata. Wata huɗu da kwana goma maganar nan tana cin ta, ga mijinta kwance da nauyin wani a kansa. Ranar da ta fita takaba, kafin ta je gaida kowa, ta sa aka ɗora buhun dawa uku a amalanke, ta bi shi a ƙafa har gidan Ɗanliti. Ta ƙara da kwalbar mai biyu don kada a ce mudu ya gaza.

Gida ta kai, ba shago ba, don haka ake yi. Bashin kaka da hatsi ake biya, rumbu kuwa a gida yake. Ka sauke a tsakar gida, matarsa Aina'u ta ba ka ruwa ta yi maka godiya, shi ke nan an gama. Wa zai ce wa maƙwabcinsa ba ni rasit? Ai sai a ce ka zage shi. Hatsi ya shiga rumbu, iyalin Ɗanliti su ci tuwo, littafi yana can shago ba wanda ya taɓa shi.

Ta ɗago kai. Muryarta ba ta tashi ba, amma Luba matar maƙwabcinsu da ta shigo sayen sabulu sai da ta tsaya cak.

"Ɗanliti, dawar da na kai gidanka, ta yi daɗin tuwo?"

"Wace dawa, Yaya?"

"Buhu uku. Jar dawa. Kana tsaye a zaure da carbi a hannu, ka ce Allah ya ji ƙan Malam, yanzu ya huta. Kai ka faɗa da bakinka."

Ya leƙa shafin. Ya shafa gemu. "Af, mantuwa ce. Ai wannan ba abin tashin hankali ba ne. Gidan nawa ne, shagon nawa ne, duk aljihu ɗaya ne."

Wallahi abin da ya fi ba da haushi shi ne har zuciyarsa yake faɗa. Bai ɗauki kansa ɓarawo ba.

"Aljihu ɗaya ne da kana kai kaɗai. Yanzu da kake sayar wa mutane, sai ya zama biyu: kai ka ci dawa, mu mu sayi takarda. In sayar da gonar ubana in sayi bashin mijina da na riga na biya? Har ka ƙara masa kuɗi yana kabari? Shekara huɗu ina cewa Malam ya kwanta ba nauyin kowa, ashe sunansa na nan kana nuna wa baƙi a matsayin wanda ya ci bai biya ba."

"Yaya, a hankali, akwai mutane," in ji Abdulkabir.

"Kai rufe min baki, dillalin banza. Mijin yayarka ne, shi ya yi maka kuɗin makaranta. Ka ga littafin nan kafin ni ko ba ka gani ba?"

Ƙasa yake kallo.

Luba ta matso da sabulunta a hannu. "Ya Kaltumi, don Allah duba min ko akwai maigidana. Mu ma gero muka kai gida bara."

Yana nan, shafi na goma sha ɗaya, ba layi.

Ya Kaltumi ta ajiye littafin a kan kanta ta juya shi ya fuskanci Ɗanliti. Ta ce ya ɗauki biro. Ya ja layi a kan sunan Malam Nababa. Ta ce bai isa ba, ya rubuta an biya, ya sa watan da aka biya, ba yau ba. Ya rubuta. Ta bi rubutun da yatsa har ƙarshe ta tabbatar. Sannan ta ce:

"In ka cire mushe, ka cire wanda ka cinye a tuwo, ashirin da shidan nan ba za su kai takwas ba. Ka je ka tsabtace littafinka ka faɗi gaskiyar abin da kake da shi. Ni dai gonata ba ta shiga nan."

Kafin la'asar magana ta zaga gari. Kuma ka san me mazan majalisa suka ce? Wai Ya Kaltumi ba ta da kunya, ta tsinka babban mutum a gaban jama'a. Ba wanda ya ce Ɗanliti ya yi rashin kyauta. Mutum biyu sun fasa zuba kuɗi, sauran sun zuba abinsu, wai ai Ɗanliti ɗan mutunci ne, ubansa ma haka yake riƙe littafi. Abdulkabir ya ɗauke ƙafa daga gidanta, ko a hanya suka haɗu sai ya hau danna waya.

Ran Juma'a Alhaji Dabo ya zo da motarsa har ƙofar gidan Barebari, bai same ta ba. Aka nuna masa hanyar rafi. Ya tarar da ita tana sharar gona, ta tara kara ta cinna wuta, tana tari. Ya yi sallama, ya ce ya zo jin amsa, in ma ƙari take so za a duba.

Ta dogara da fartanya ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri da wahalar hanya. Ba ta sayarwa ba ce."

Sati biyu bayan nan ruwan shuka ya sauka. Takin bana a kasuwar Bici ta saye shi, ba a shagon Ɗanliti ba, kuɗi hannu, buhu ɗaya da rabi, iya ƙarfinta ke nan. Yatsun har yanzu sai ta tsoma su a ruwan ɗumi kafin su miƙe. Da suka miƙe ta ɗauki ƙwaryar irin gyaɗa ta nufi bakin rafi.